BABI NA TAKWAS: 'Yar Wasa da Tauraruwar Labari a Wasan Kwaikwayo Mai Dogon Zango

8.0 Gabatarwa

Wasan kwaikwayo mai dogon zango shi ne wanda ake nunawa kashi-kashi a talabijin, mako bayan mako, labarinsa na ta miƙewa har tsawon shekaru. Wannan babi zai dubi rayuwar Nafisa Abdullahi da ayyukanta, domin ɗalibi ya fahimci bambancin da ke tsakanin 'yar wasa, wato mai fitowa, da tauraruwar labari, wato wadda marubuci ya ƙirƙira.

8.1 Taƙaitaccen Tarihinta

An haifi Nafisa Abdullahi a garin Jos a shekarar 1991, ta kuma yi nazarin wasan kwaikwayo a Jami'ar Jos. Ta fara fice da fim ɗin Sai Wata Rana na kamfanin FKD, mallakar Ali Nuhu, a 2010. Daga bisani ta fito a Ɗan Marayan Zaki da kuma Blood and Henna na Kenneth Gyang, wanda ya taɓo batun gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996.

8.2 Daga Faifai zuwa Dogon Zango

Satar fasaha da yaɗuwar wayar hannu sun durƙusar da kasuwar faifai, wadda a kanta finafinan Hausa suka dogara. Wannan ya sa masu shirya fim suka karkata ga shirye-shirye masu dogon zango a tashar Arewa24 da YouTube. A wannan yanayi ne Aminu Saira ya fito da Labarina a 2020, inda Nafisa ta fito a matsayin Sumayya, 'yar talakawa da ta tsinci kanta tsakanin Mahmud da wani ɗan masu hali da ake kira Presdo.

8.3 Ficewarta da Abin da Ya Biyo Baya

A 2022 Nafisa ta fice daga shirin, tana mai kafa hujja da karatu da harkokin kasuwancinta. Idan haka ta faru, hanyoyi uku ne a gaban mai shiri: ya kashe tauraruwar, ko ya tura ta wata tafiya, ko ya kawo wata 'yar wasa ta gaje ta. Daga ƙarshe Fati Washa ce ta ci gaba da fitowa a matsayin Sumayya. Masu kallo da dama sun sha wuyar karɓar sauyin, domin sun shafe makonni masu yawa suna jin muryar Nafisa, har Sumayya ta zama ita a zukatansu. A fim na sa'a biyu wannan shaƙuwa ba ta samun lokacin yin jijiya. A dogon zango kuwa ita ce jarin shirin, ita ce kuma rauninsa.

8.4 Kammalawa

Malamin adabi zai haɗu da ɗalibai masu ɗora wa 'yar wasa halin da ta kwaikwaya, su yabe ta ko su zarge ta a kansa. Aikinsa ne ya nuna musu cewa halin Sumayya ana tantance shi ne daga maganganunta da ayyukanta a cikin labari, gwanintar Nafisa kuwa daga yadda ta isar da su.

Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin 'yar wasa da tauraruwar labari, tare da misalai.
2. Wace hanya ka fi ganin ta dace idan 'yar wasa ta fice daga shiri? Kawo dalilai.