Yadda Ake Ɗora wa Mazda MX-5 Turbo a Gida

Ƙarfin inji gwargwadon iskar da yake shaƙa ne, domin fetur ba ya ci sai da iska. Aikin turbo ke nan: kamar zugazugin maƙeri, ya tura wa wuta iskar da ba za ta iya jawowa da kanta ba. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya farfela ɗaya, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke ɗaya bakin sandar da ta haɗa su, wadda ke matsa iska cikin silinda. Injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ya yi rajistar wannan dabara tun 1905. Nauyin iska a gaɓar teku psi 14.7 ne, don haka in ka ƙara psi 7 ka ƙara wa inji kusan rabin abin da ya saba shaƙa.

Na zaɓi MX-5 ta farko, wadda ta fito a 1989, saboda injinta mai lita 1.6 ɗan gida ɗaya ne da na Mazda 323 GTX, wadda ta zo da turbo daga kamfani. Gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce, kuma yana da 'yan bututu masu fesa baƙin mai a ƙasan fistan don sanyaya shi. Yana fitowa da ƙarfin doki wajen 115, ana kuwa iya kai shi 200 ba tare da an buɗe cikinsa ba. Tsarin aikin bai bambanta sosai ba ga mai Honda Civic ko Golf.

Mataki na farko: tabbatar da lafiyar motar

Turbo ba ya warkar da inji mara lafiya, ƙarasa shi yake yi. Kwance fulogi huɗun, ka auna matsin kowace silinda. In bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin ɗari, dakata ka gyara tukuna. Sauya bel ɗin taimin da famfon ruwa da duk tiyon da ya tsufa. Motocin 1990 da farkon 1991 suna da gajeren hancin karanshaf wanda gurbin makullinsa kan cinye, ka duba ko fulin gaba yana rawa. Lagireto kuma a sa sabo na alminiyam mai kauri, musamman ga wanda zai tuƙa a gari irin Sakkwato ko Maiduguri inda zafi kan haura digiri 40 a bazara. Birki da tayoyi su zama masu kyau tun yanzu, kafin ƙarfin ya zo.

Mataki na biyu: ƙwaƙwalwa kafin turbo

Nan ne yawancin mutane ke yin kuskure, kuma nan nake so ka fi daɗewa. Sai mutum ya zuba kuɗinsa a turbo mai ƙyalli, ya bar ƙwaƙwalwar sarrafa inji da motar ta zo da ita. Ita kuwa ba ta san matsin iska ba. Iska za ta ƙaru, fetur bai ƙaru daidai da ita ba, fulogi yana ba da wuta a lokacin da ya saba. Sakamakon shi ne ƙwanƙwasa, wato ragowar cakuɗen mai da iska ya fashe da kansa a cikin silinda maimakon ya ci a tsanake. Daƙiƙoƙi kaɗan na wannan sun isa su fasa gefen fistan.

Saboda haka fara da ƙwaƙwalwar da ake iya saitawa da kwamfuta. Megasquirt ita ce ta fi yaɗuwa tsakanin masu MX-5, akwai ma wadda ake sokawa kai tsaye a soket ɗin motar. Tana auna matsin da ke cikin manifol ɗin shaƙa, don haka za ka cire tsohon ma'aunin iska mai marfi, ka sa na'urar auna zafin iska a madadinsa. Haɗa mata na'urar auna iskar oksijin a salansa, irin mai faɗin zango, wadda ke nuna maka lamba a gabanka. A tafiya ta yau da kullum ana neman iska kashi 14.7 ga fetur kashi 1. In turbo ya fara matsawa, a sauko tsakanin 11.5 da 12, domin rarar fetur tana sanyaya silinda.

Da fitilar taimin ka tabbatar digiri 10 da kwamfuta ke nunawa shi ne digiri 10 a kan fuli. Sannan sauya nozul zuwa manya, masu cc 550 zuwa 650. Yi makonni kana tuƙa motar haka, babu turbo, har ta riƙa tashi da sanyin safiya ba gardama, ta tsaya a silo ba rawa. Wanda ya koyi saiti a wannan lokaci yana koyo ne a inda kuskure ba ya cin inji.

Mataki na uku: zaɓen turbo

Ƙarami ya fi. Garrett GT2554R ko GT2560R sun dace da wannan inji, haka ma Mitsubishi TD04 da ake cirowa daga Subaru WRX ga mai neman sauƙin kuɗi. Babban turbo ba ya farkawa sai inji ya yi nisa da juyi, ga shi daɗin MX-5 a lanƙwasar hanya yake. In na hannu za ka saya, kama sandar ka girgiza. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi muddin farfela ba ta taɓa gida, amma motsi gaba da baya alamar ya gama aiki ne.

Mataki na huɗu: manifol da salansa

Ɗaga motar ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, kada ka shiga ƙarƙashinta jak kaɗai na riƙe da ita. Cire kan batir, yana cikin but. Ajiye tukunyar kashe gobara kusa.

Manifol na zubi shi ya fi juriya. In za ka ƙera naka, yi amfani da bututun ƙarfe mai kaurin bango da faranti mai milimita 12, kuma mai walda ya zama gwani, domin hayaƙin wurin yana kai digiri 900, siririn bututu tsagewa yake yi. Bayan walda a kai farantin wurin mai injin gyaran ƙarfe ya daidaita fuskarsa, zafi kan karkatar da shi. Bututun da ke sauka daga turbo ya zama inci 2.5, da gaɓa mai lanƙwasuwa don kada girgizar inji ta karya shi. A motar da sitiyarinta ke hagu, turbo yana zama dab da tukunyar man birki. Sa garkuwar zafi a tsakaninsu, wannan ba abin a ce sai gobe ba ne.

Mataki na biyar: baƙin mai

Sandar turbo tana juyi fiye da sau 150,000 a minti, baƙin mai kaɗai ke raba ta da ƙonewa. Injin 1.6 yana da toshasshiyar kafa a ɓangaren salansa inda ake ɗaukar mai. Yawancin masu lita 1.8 sai an raba daga wurin na'urar auna matsin mai. Turbo mai boris na ƙwallaye yana son a rage masa kwarara da ɗan matsattsen baki mai kimanin milimita 1.

Hanyar dawowar man ta fi wuya. Babu famfon da ke tura shi, gangarowa yake yi, saboda haka tiyon ya kai faɗin milimita 16, ya sauka a miƙe ba tare da kwari ba, ya shiga kaskon mai sama da inda man ke tsayawa. Kaskon na alminiyam ne. Shafa giris a bakin abin huji don ya kama ɓarɓashi, ka huda a hankali domin bututun tsotson mai yana bayan wurin, sannan ka wanke kaskon da kananzir ta sabuwar kafar kafin ka zuba sabon mai. In ka ga shuɗin hayaƙi bayan an gama, wannan tiyo za ka fara dubawa. Turbo mai kafofin ruwa kuma a ja masa layi daga tiyon ruwan inji.

Mataki na shida: hanyar iska

Iskar da aka matsa zafi take yi, zafi kuma ƙwanƙwasa yake jawowa. Kafa intakula, mai sanyaya iskar, a gaban lagireto, ka toshe gefuna yadda iska ba za ta kewaye su ba. Bakin kowane bututu a yi masa tudu don kada tiyo ya fice. Sa bawul mai sakin iska idan an ɗaga ƙafa daga totur. Matatar iska ta yi nesa da zafin manifol, kuma ta zama mai kyau, ƙurar hunturu tana cinye bakin farfela. Fulogi a koma NGK BKR7E, a rage tazararsa zuwa wajen milimita 0.75.

Mataki na bakwai: tayarwa da saiti

Kafin wuta ta kama, cire fis ɗin nozul ka juya inji da sitata har mai ya isa turbo. Tayar, ka bar shi a silo kana duba yoyon mai da ruwa da fetur. Ƙofar da ke kewayar da hayaƙi ita ke ƙayyade matsi, a bar ta a kan sifirin mai psi 6 ko 7. A jadawalin wuta na ƙwaƙwalwa, ja taimin baya a duk layukan da ke sama da nauyin iskar waje, kuma ka sa iyakar da ƙwaƙwalwa za ta yanke mai in matsi ya zarce.

Gwaji na mutum biyu ne, ɗaya na tuƙi, ɗaya na kallon kwamfuta, a filin da babu jama'a. In akwai na'urar daino mai auna ƙarfin inji a kusa, kuɗin da za ka biya gwanin saiti bai kai na sabon inji ba. Taka a giya ta uku, kaɗan kaɗan. Lambar iska da fetur ta haura 12.5 a cikin matsi, ko ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ɗaga ƙafa nan take. Yi saitin da irin fetur ɗin da za ka riƙa sha kullum, kuma da rana tsaka, domin abin da ya zauna lafiya da asuba yana iya ƙwanƙwasa da azahar.

Kulocin asali zai fara sulɓi, sai a sa mai ƙarfi. Bayan inji ya yi zafi ya huce sau da yawa, sake ɗaure notocin manifol da na turbo, kwancewa suke yi. Bayan gudu, bar motar a silo minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe. Sanar da kamfanin inshorarka canjin da ka yi. Sandunan fistan na asali da giyabos mai giya biyar suna fara gazawa ne a wajen ƙarfin doki 250, don haka mai son wuce nan sai ya sauke inji ya sauya sandunan da giyabos ɗin tukuna.