Amsoshin Tambayoyinku: Wane Likita Zai Sa Mini Wayar Haƙori?

Maman Aisha daga Funtuwa ta rubuto tana cewa ta haura shekara talatin, haƙoranta na gaba sun hau juna, wane likita za ta nema ya sa mata waya?

To Maman Aisha, shekaru ba sa hana gyara, in dai dasashi da ƙashin muƙamuƙi lafiyarsu lau. Amma ba kowane likitan haƙori ne ya ƙware a daidaita haƙora ba. Ki nemi ƙwararren likitan daidaita haƙora, mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa. Sashen haƙori na asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, wuri ne mai kyau na farawa.

Likitan kirki zai fara ɗaukar hoton haƙora, ya duba dasashi, ya yi maganin ruɓa kafin ya sa waya. Wanda ya ce yau-yau zai ɗaura miki, ki guje shi. Masu ɗaurawa a shagon kwalliya kuwa, Allah ya kiyaye, haƙori suke girgizawa.

Aikin kan kai shekara biyu, kusan kowane wata za ki koma, don haka ki duba nisan asibitin. Ki tambayi jimillar kuɗi tun farko, har da abin da za ki riƙa sawa bayan an cire wayar, don kada haƙoran su koma gidan jiya.