Hoton Tsuntsu a Bakin Kogin Challawa: Hukuncinsa da Amfaninsa

 

Darasin wannan mako ya shafi ɗaukar hoton tsuntsaye da namun daji. Shin ya halatta? In kuwa ya halatta, mene ne amfaninsa?

Hadisai ingantattu a cikin Buhari da Muslim sun yi kashedi mai tsanani ga masu suranta abu mai rai. Malaman Malikiyya kuwa sun rarrabe: abin da suka haramta shi ne sura mai inuwa, cikakkiyar halitta, irin ta gunki. Wadda ba ta da inuwa, kamar zane a takarda, iyakarta karhanci. Da na'urar hoto ta yaɗu, Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, Muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya wallafa littafi yana halatta hoton. Hujjarsa ita ce mai ɗaukar hoto bai ƙagi sura ba, inuwar halittar Allah ya tsare, kamar yadda madubi yake nuna fuska. Har yau akwai malaman da ba su gamsu da wannan ba, kuma ba a zargin wanda ya bi su.

Amfaninsa kuwa, a duba Kano. Ruwan dauɗar masana'antun Bompai yana gangarawa rafin Getsi, ya shiga Jakara, ya ƙare a madatsar Wasai, kuma da shi masu lambu suke ban-ruwa a kan hanya. Na Sharada yana bin rafin Salanta, ya tarar da na majemun Challawa a Kogin Challawa. Jima ta zamani da sinadarin kuromiyam ake yin ta, ba da bagaruwa irin ta kakanni ba, kuma gubarsa tana kwanciya a laka, ba ta ruɓewa, ko da masana'antar ta rufe kamar yadda da yawa suka rufe. Wannan kogi shi ne yake haɗuwa da Kogin Kano ya nufi Haɗejiya, har fadamun Nguru, inda tsuntsaye suke zuwa cin rani tun daga Turai.

Mai masana'anta da jami'in hukuma ba kasafai suke sauka bakin rafin ba. Rahoton masana kuma kaɗan ne masu karanta shi. Amma hoton zalɓe yana tsaye cikin ruwa baƙi mai kumfa, ko belbela tana kiwo gefen magudana, ko wanda bai yi makaranta ba zai fahimce shi. Suratul An'am aya ta 38 ta sanar cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mutane, Suratur Rum aya ta 41 kuma ta jingina ɓarnar tudu da ta ruwa ga aikin hannun mutane. Wanda ya fito bayan Asuba, ya laɓe cikin haƙuri har haske ya faɗa a kan fiffiken tsuntsu, aikinsa tunatarwa ne da shaida. Saboda haka ne ƙarya a cikinsa take da muni: wanda ya baƙanta ruwa da kwamfuta domin hoto ya ƙara tsoratarwa, shaidar zur ya yi, ko da manufarsa kyakkyawa ce.

Akwai wani sharaɗin da masu wannan sana'a suke sakaci da shi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wasu sahabbai a wata tafiya sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana kaɗa fikafikai, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya yi umarni a mayar mata da su. Don haka bai halatta a tsinke reshen da ya rufe sheƙa domin hoto ya fito sarai ba, ko a kori uwa daga kan ƙwai a bar su cikin rana, ko a ɗaure tsuntsu da zare a ce a daji aka same shi.