Darasin Kimiyya: Yadda Sikanin Ke Gano Mahaifa Biyu a Jiki Ɗaya

Ɗalibai, yau za mu duba wata halitta da ba kasafai ake haihuwar mace da ita ba, wato mahaifa biyu. Bari mu fara daga tushe.

Tun 'ya mace tana tayi, ba da mahaifa guda take farawa ba. Bututu biyu ne, dama da hagu, masu ɗauke da sunan Johannes Müller, masanin Jamus da ya yi bayaninsu a 1830. Wajen wata na uku sai ƙasansu ya haɗe, daga baya shamakin da ke tsakani ya narke. In haɗuwar ta gagara, kowane bututu sai ya zama mahaifa mai cin gashin kanta, da nata bakin.

Nau'in da ya fi ɓad da kama shi ne wanda likitoci Herlyn da Werner suka bayyana a 1971, Wunderlich ya ƙara bayani a 1976. Abu uku ke haɗuwa: mahaifa biyu, gefe ɗaya na farji a toshe, kuma babu ƙoda a wannan gefen. Yarinya tana ganin al'adarta daga ɓangaren da ke buɗe, don haka ba mai zaton akwai toshewa. Jinin ɗaya ɓangaren kuwa taruwa yake yi wata bayan wata, ciwon mara yana ƙaruwa, ana ta ba ta maganin rage zafi ana cewa in ta yi aure zai wuce. A ganina wannan magana ce ta fi jawo jinkiri.

To, yaya sikanin ke gano wannan halitta? Na'urar tana tura sautin da kunne ba ya ji, amon da ya dawo ya zama hoto a allo. Budurwa ta saman mara ake duba ta, bayan ta sha ruwa mafitsara ta cika, domin cikakkiyar mafitsara tana ture hanji gefe, ta ba sauti hanya. Matar aure ana iya duba ta ta farji, hoton ya fi fitowa. In an gicciya na'urar, maimakon shimfiɗar mahaifa ɗaya mai haske sai a ga biyu, da tazara a tsakani. A ƙarƙashin ɗaya ga wata jaka mai duhu da ɗigo-ɗigo a ciki: tsohon jini ke nan.

Daga nan sai a kai na'urar kwiɓi a duba ƙoda. Ku riƙe dalilin: hanyar fitsari da bututun mahaifa kafaɗa da kafaɗa suke tasowa a tayi, abin da ya taɓa ɗaya yakan taɓa ɗayan. Sikanin mai fuska uku yana ƙara nuna saman mahaifa daga waje, ya bambanta mahaifa biyu da mahaifa ɗaya mai shamaki. Inda shakka ta rage, hoton MRI ke raba gardama.

Magani tiyata ce ta yanke shamakin da ya toshe gefen farji, jini ya samu mafita. In aka makara, jinin kan koma baya zuwa cikin mara, ko ya yi mugunya. Da yawa daga cikin waɗannan mata suna haihuwa, sai dai bakwaini da zuwan jariri ta ƙafa sun fi yawa a wurinsu.

Don haka duk wanda ya ga mahaifa biyu a allo, kada ya sallami mara lafiya sai ya duba ƙodojinta duka biyu.