Hatsi ba iri guda ba ne

Ƴan'uwa manoma, in kun zaga kasuwannin ƙasarmu za ku ga hatsi iri-iri. A Maradi akwai zongo mai doguwar zangarniya. A Damagaram akwai ankutes, shi gajere ne, mai kauri. A wajen Zabarmawa akwai haini-kire. Ga kuma maiwa, wadda ba ta nuna sai ƙarshen damana. Wani iri yana jure fari, wani kuma sai da ruwa da yawa.

Akwai kuma bambancin da ido ba ya gani. Cikin ƙwayar hatsi akwai sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke yin jini da shi. In ya yi kaɗan cikin abinci, sai ƙarancin jini ya kama mutum, musamman mata masu ciki da yara ƙanana. To, wani hatsi ya fi wani wannan sinadari, ko da furarsu ta zo ɗaya a baki.

Shi ya sa masu binciken noma ke tara iri. A Tarna, kusa da Maradi, ma'aikatan INRAN suna wannan aiki. A Sadore, kudu da Yamai, cibiyar ICRISAT tana da ɗaki mai sanyi inda aka ajiye irin hatsi na garuruwa da yawa. Su ba su ƙera iri daga babu. Abin da manoma suka adana shi suke ɗauka, su haɗa bununin wannan da zangarniyar wancan, su zaɓa, su sake shukawa, shekara da shekaru.

Ga misali. A arewacin Togo manoma suna da wani hatsi mai saurin nuna, mai manyan ƙwayoyi, ana ce masa iniadi. Masu bincike suka kai shi ƙasar Indiya, suka yi aiki a kansa. Daga baya aka gane yana da ƙarfe da yawa. Daga jikinsa aka fitar da irin da ake kira Shakti, wanda aka fara ba manoman Nijar a 2018. Cikin kilo guda na Shakti akwai wajen miligaram 65 na ƙarfe, alhali irin da aka saba shukawa yana da wajen 47. Da mutanen Togo sun yar da hatsin kakanninsu, ina za a samo shi?

A ganina, karɓar sabon iri abu ne mai kyau, amma kada a cinye na gida duka. Sai dai a kula: iska tana ɗaukar bununi daga gona zuwa gona, iri ya gauraye. Wanda ke son nasa ya tsaya yadda yake, ya tuge shibra kafin ta yi bununi. Lokacin girbi ya zaɓi zangarniyoyi masu kyau daga tsakiyar gona, ba daga gefe ba. Ya ɗaure su dami daban, ya sa a rumbu inda ruwa ba ya taɓawa.