Kalmar Turanci "Hardly": Ma'anarta, Amfaninta da Kishiyoyinta

Cikin kalmomin Turanci waɗanda ke nuna gwargwadon abu, babu wadda ta fi "hardly" ruɗa malamai masu rubuta takardun hakimai. Dalili kuwa shi ne ta yi kama da "hard", watau da ƙarfi ko da himma. A tsohon Turanci ma'anarsu ta yi kusa, amma tun wajen ƙarni na 16 suka fara raba hanya.

Ma'ana. "Hardly" tana nufin da ƙyar, ko kusan babu. 'Yan'uwanta su ne "scarcely" da "barely".

Hatsarin da ke ciki. In hakimi ya so ya yabi wani dagaci, malaminsa zai rubuta "He works hard", watau yana aiki da himma. In kuwa ya rubuta "He hardly works", to, ya ce kusan ba ya taɓuka kome. Haruffa biyu kaɗai sun mai da yabo zargi, har su iya jawo wa mutumin kirki zubewar mutunci a gaban manya.

Amfani. Akan sa ta kafin kalmar aiki, amma bayan ƙananan kalmomi irin su "can" da "had":

1. "The cattle can hardly walk": da ƙyar shanun ke tafiya.
2. "There is hardly any water in the well": kusan babu ruwa a rijiyar.
3. "He hardly ever comes": ba safai ya kan zo ba.

A lura, "hardly" da kanta korewa ce, saboda haka ba a haɗa ta da "not". "He cannot hardly read" kuskure ne. Daidai shi ne "He can hardly read".

Kishiyoyi. Ba guda ɗaya ba ce, sai an dubi wurin da kalmar ta zauna. A misali na 1 kishiyarta "easily", watau da sauƙi. A na 2 "plenty of", watau da yawa. A na 3 kuwa "often", watau sau da yawa.

Ya kamata kowane malami, in ya rubuta "hardly", ya mayar da jimlar Hausa da "da ƙyar" ko "kusan babu", ya karanta wa hakimi. In ba abin da hakimi ya nufa ke nan ba, a gyara kafin ya sa hannu.