Darasi Daga Makka: Bita Ba Ta Isa Sai Da Maimaici

Kafin aikin Hajji, an yi mana bita a masaukin alhazan da nake aiki a Misfala, Makka, kan yi wa kowa magana gwargwadon halinsa: mai gaggawa a taƙaita masa, mai fargaba a kwantar masa da hankali. Cikin mako biyu cunkoso ya mantar da ni, na daka wa wani dattijo tsawa. Bai sake tambayata hanya ba, har ya ɓace a Mina yini guda.

Annabi (SAW) yakan ba masu neman wasiyya amsoshi mabambanta, kowa da buƙatarsa. Yanzu kullum bayan Asuba nakan zaɓi mutum ɗaya in lura da halinsa, da dare kuma in yi wa harshena hisabi. 'Yan'uwa, ku jarraba hakan a wuraren aikinku.